Katantanwar Nolan da Marayan da Aka Yi wa Ƙarya

Mu huɗu ne muka kalli fim ɗin Inception a ɗakin wani abokina, a kwamfutar tafi-da-gidanka, da faifan da ya sayo a bakin titi. Da aka zo ƙarshe allon ya yi baƙi ƙirin, sai mai ɗakin ya miƙe ya duba ko caji ne ya ƙare. Ɗayan ya ce a'a, masu buga faifan ne suka yanke. Sai da sunayen 'yan wasa suka fara hawa sannan muka yarda cewa haka Christopher Nolan ya ga damar rufe labarinsa. Daga nan gardama ta kaure, shayi ya huce a kofi ba wanda ya kula.

Wanda ya kalla ya san wurin. Dom Cobb, wanda Leonardo DiCaprio ya fito a matsayinsa, ya samu ya koma gida Amurka bayan dogon gudu. Ya ciro wata 'yar katantanwa ta ƙarfe ya murza a kan tebur, domin ƙa'idar ita ce in mafarki yake yi ba za ta taɓa faɗuwa ba, in kuwa a farke yake za ta gaji ta kwanta. Sai ya hango 'ya'yansa biyu suna wasa a waje, ya nufe su, ya bar ta tana juyi. Ta ɗan yi tangaɗi kamar za ta faɗi. Aka yanke.

Tun 2010 da fim ɗin ya fito ake ta fama a kan wannan tangaɗi. Wasu sun ƙirga wuraren da Cobb ke sanye da zoben aure da wuraren da ba ya sanye da shi. Wasu sun tsayar da hoto suna gwada takalman yaran na farkon fim da na ƙarshe. A 2018 Michael Caine, wanda ya fito a surukin Cobb, ya faɗa wa masu kallo a Landan cewa Nolan ya gaya masa duk wurin da yake ciki zahiri ne, kuma ga shi a cikin fitowar ƙarshe. Shi kansa Nolan, da yake wa ɗaliban jami'ar Princeton jawabi a 2015, ya karkata ga cewa Cobb ya daina damuwa da amsar, shi ya sa ya juya wa katantanwar baya.

Ni ma na yi shekaru ina cikin 'yan wannan gardama. Sai da na sake kallon fim ɗin ni kaɗai, bayan rasuwar mahaifina, na ga cewa mun bar jaki muna dukan taiki. Akwai wani mutum a cikin labarin da aka yi wa babban zalunci a gaban idonmu, muna tafi. Sunansa Robert Fischer.

Ga wanda bai kalla ba, ga yadda abin yake a taƙaice. Cobb ɓarawo ne, amma ba ya fasa shago. Akwai wata na'ura mai kama da akwatin hannu, da ruwan magani da ake ɗura wa mutane ta jijiya, sai su yi barci tare su haɗu a mafarki ɗaya. A cikin mafarkin Cobb ke lallaɓawa ya sace sirrin 'yan kasuwa ya sayar wa abokan hamayyarsu. Sai wani attajirin Japan mai suna Saito ya zo masa da kwangilar da ta juya sana'ar baibai: kada ya ɗauko komai daga kan mutum, ya je ya ajiye wani abu. Maurice Fischer, mai wani ƙaton kamfanin makamashi, yana gargarar mutuwa. Ɗansa Robert zai gaje shi. Saito na so a dasa wa yaron tunanin ya wargaza kamfanin ubansa da hannunsa, yana ganin shi ya yanke shawarar. Ladan Cobb kuwa waya ɗaya ce da Saito zai buga a soke tuhumar kisan matarsa da ta hana shi shiga Amurka.

Aikin an yi shi ne a cikin jirgin sama, daga Sidni zuwa Los Angeles, lokacin da Robert ke raka gawar ubansa. A lura da wannan. Mutum na cikin makoki, gawa na ƙarƙashin jirgi, aka zuba masa magani a ruwan sha. Saito ma don kada a sami cikas sai ya saye kamfanin jirgin baki ɗaya.

Cobb da mutanensa sun zauna sun yi nazari kamar masu shirin fashi. Suka ga cewa zuciya ba ta karɓar tunanin da ta san daga waje ya zo, dole ta ji kamar ita ta haife shi. Suka kuma ga cewa maganar kasuwanci ba ta shiga can ƙasan zuciya, sai an naɗe ta da wani abu mai taɓa rai. Da suka bincika sai suka tarar da raunin yaron: uban bai taɓa nuna masa ƙauna ba, kalma ta ƙarshe da ya ji daga bakinsa a gadon asibiti kuwa ita ce ta takaici, wato bai gamsu da shi ba. To a kan wannan gyambon suka gina komai. Mafarki hawa uku, ɗaya cikin ɗaya: gari ana tsuga ruwan sama, sai otal, sai wata ganuwa a cikin duwatsun ƙanƙara.

A can ƙasa, bayan harbe-harbe da fashe-fashe, Robert ya buɗe wata ƙatuwar ƙofa ta ƙarfe ya shiga wani ɗaki. Ga gadon asibiti, ga tsohon kwance yana numfashi da ƙyar. Robert ya durƙusa ya ce ya sani, ya san ya ba shi kunya da ya kasa zama irinsa. Tsohon ya girgiza kai. Ya ce takaicinsa shi ne da yaron ya yi ƙoƙarin zama irinsa tun farko. Sannan ya nuna masa wani ƙaramin akwatin ƙarfe a gefen gado. Robert ya danna lambobi ya buɗe. Akwai takardar wasiyya a ciki, amma hannunsa bai tsaya a kanta ba. A ƙarƙashinta ga wata 'yar fanka ta takarda, irin wadda yara ke soka wa a tsinke su ruga da gudu iska na juya ta, wadda yake riƙe da ita a wani tsohon hotonsu shi da uban. Ashe tsohon ya adana ta duk shekarun nan. Robert ya ɗago kai, uban ya cika. Ya riƙe hannunsa ya fashe da kuka.

Cillian Murphy, wanda ya fito a Robert, ya yi wasan nan da kyau har abin ya yi yawa. Kiɗan Hans Zimmer na tashi a hankali. Ni dai a karo na biyun nan sai da na tsayar da fim ɗin na fita waje na sha iska, domin ba ɗan da ya binne uba da zai ga wannan bai ji wani abu ya tokare masa maƙogwaro ba.

Da na dawo na zauna sai na tambayi kaina: me na yi wa kuka? Maurice Fischer bai faɗi wannan magana ba. Bai adana wata fanka ba. Gawarsa na cikin akwati a ƙarƙashin jirgi, kuma iyakar abin da muka sani shi ne ya mutu yana jin haushin ɗansa. Ɗakin, gadon, akwatin, duk wata ɗalibar zanen gine-gine ce mai suna Ariadne ta tsara su bisa kwangila. Sauran kuwa zuciyar yaron ce ta cike gurbi da abin da ta daɗe tana kwaɗayi, bayan an kora ta zuwa wurin kamar yadda ake kora akuya zuwa turke. Kuma na san duk wannan, domin a gabana aka ƙulla makircin. Duk da haka idona ya kawo ruwa. Abin da Cobb ya yi wa Robert, shi Nolan ya yi mini, bambancin kawai ni na biya kuɗin faifai.

Na san abin da masu kare fim ɗin za su ce, don abokina mai ɗakin ya faɗa mini shi. Ya ce, "Haba mutumina, wa aka cuta? Yaro ya hau jirgi da ciwon da zai kai shi kabari, ya sauka ya warke. In ƙarya ce ta yi masa magani, ai gara ita da gaskiyar da ke cin sa." Ya ƙara da cewa Saito ya yi bayani, in aka bar kamfanin Fischer zai mamaye makamashin duniya, don haka wargaza shi taimakon jama'a ne.

Maganar Saito ba ta da wuyar amsawa. Abokin hamayya ne ke ba da shaida a kan abokin hamayyarsa, kuma a duk tsawon fim ɗin, minti 148, ba wanda ya binciki ko gaskiya ya faɗa. Mutumin da ke sayen kamfanin jiragen sama don ya sami wurin yi wa maraya allura, shi ne za mu yarda yana tsoron kada wani ya yi ƙarfi da yawa?

Maganar warkewa ce mai nauyi, kuma ba na raina ta. Mu ma muna yi. Wa bai taɓa ce wa maraya "ai kullum mahaifinka yana yabonka a bayan idonka" ba, alhali bai ji hakan da kunnensa ba? Amma mai faɗin wannan don yaron yake faɗa, ba ya tsammanin ko sisi. Su Cobb kuwa sun zaɓi sulhu da uba ne don sun lissafa sun ga ya fi ƙiyayya kama zuciya. Da lissafin ya nuna cewa cusa masa tsanar uban ne zai fi saurin rusa kamfanin, da ita za su cusa, su karɓi kuɗinsu. Akwai kuma wanda ake mantawa da shi, Peter Browning, amini kuma na hannun daman marigayin, wanda Robert ke kira kawu. Eames, gwanin kwaikwayon ƙungiyar, ya ari fuskarsa a mafarki, aka yi ta jan zare har Robert ya fara zargin cewa kawun nasa ne ya shirya sace shi. Dattijon na can bai san hawa ba bai san sauka ba, an shafa masa kashin kaji a wurin da ba zai taɓa iya zuwa ya kare kansa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne fim ɗin da kansa ya ba da hujjar da ta rusa uzurinsa. Me ya sa Cobb ya tabbata cewa dasa tunani na yiwuwa, alhali sauran na cewa ba a taɓa yi ba? Domin ya taɓa yi, kuma a kan matarsa Mal ya yi. Su biyun sun nutsa can ƙarƙashin mafarki, inda suka yi kamar shekara 50 suna gina birni daga abin da suke tunawa, har suka tsufa tare. Mal ta saba da wurin, ta ɗauki katantanwarta ta kulle a akwati a cikin gidan yarintarta, wato ta zaɓi ta manta cewa mafarki ne. Cobb na son su koma wurin 'ya'yansu. Sai ya lallaɓa ya buɗe akwatin, ya murza katantanwar, ya rufe ta a ciki tana juyi. Tunani ɗaya tak ya shuka: duniyar nan da kike ciki ba gaskiya ba ce. Da niyyar alheri ya yi, kuma ya yi aiki. Suka ɗora kawunansu a kan layin dogo, jirgin ƙasa ya bi ta kansu, suka farka a ɗakinsu da ƙuruciyarsu.

Sai dai tunanin bai tsaya inda aka ce ya tsaya ba. Mal ta farka tana kallon 'ya'yan da ta haifa tana cewa inuwa ce. Tana yanka albasa tana kallon wuƙar. A daren zagayowar ranar aurensu Cobb ya shiga ɗakin otal ya tarar an hargitsa shi, taga a buɗe, labule na kaɗawa. Ya leƙa sai ga ta zaune a bakin tagar da ke fuskantarsa, ƙafafu na lilo a sama da titi, takalmi ɗaya ya suɓuce ya faɗa ƙasa. Ta riga ta sa likitocin ƙwaƙwalwa uku sun tabbatar da lafiyarta, ta kuma ajiye takarda wurin lauya cewa mijinta na barazanar kashe ta, don kada ya sami mafita sai dai ya biyo ta. Yana roƙonta da sunan yaran, tana kallonsa da tausayi irin na wanda ya san gaskiya yana jiran ɗan'uwansa ya gane. Marion Cotillard, wadda ta fito a Mal, ba ta yi wasan a matsayin mahaukaciya ba, abin da ya sa wurin ke da ban tsoro ke nan.

Irin wannan shakka ba Nolan ya ƙirƙiro ta ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labarin kansa a littafinsa Al-Munƙiz minad Dalal, yadda ya wayi gari yana tuhumar idonsa da hankalinsa, yana cewa mai barci ma ai yana gaskata abin da yake gani har sai ya farka, to me ya tabbatar masa cewa wannan farkawar ba wani barcin ba ce? Ya yi kusan wata biyu a haka, kuma ya ce ba jera hujjoji ne ya fitar da shi ba, wani haske ne Allah ya jefa masa a ƙirji. Fiye da shekara 500 bayan haka, a 1641, René Descartes na Faransa ya sake tayar da tambayar. Abin lura a labarin Gazali shi ne mutumin da ya fi kowa iya hujja a zamaninsa ya shaida cewa hujja ba ta cire wannan ƙaya. Cobb ya soka wa matarsa ita, ya ga ƙarshenta da idonsa. Sannan ya karɓi kwangila ya je ya soka wa ɗan wani tasa ƙayar, fim ɗin kuma na so mu yarda cewa wannan karon za ta tsaya daidai inda aka auna. Wa ya ce tunanin "kada in zama kamar ubana" zai ƙare a kan kamfani? In ya wuce zuwa aurensa fa, ko 'ya'yansa?

Za a ce ai tatsuniya ce, babu irin wannan na'ura. Gaskiya ne babu. Lissafin lokacin ma da fim ɗin ya ginu a kai, cewa minti biyar na barci awa guda ce a mafarki, kuma da magani mai ƙarfi awa goma ta jirgi za ta zama mako a hawa na farko, wata shida a na biyu, shekara goma a na uku, bai yi daidai da abin da masu bincike suka gani ba. Tun 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na jami'ar Chicago suka gano cewa akwai matakin barci da idanu ke yawo a ƙarƙashin fata, kuma a nan aka fi yin mafarki mai armashi. Daga baya Stephen LaBerge na Stanford ya yi aiki da mutanen da kan gane suna mafarki alhali suna cikinsa. Ya sa su ba da alama da ido, su ƙirga goma, su sake ba da alama. Lokacin da suka ɗauka bai yi nisa da na mutumin da ke ƙirgawa a farke ba. A 2021 ma masu bincike a Amurka da Faransa da Jamus da Holan suka gwada mutum 36, suka yi wa masu barci tambayoyi masu sauƙi irin takwas a cire shida, wasu kuma suka amsa daidai da motsin ido ba tare da sun farka ba. Iyakar shigar da aka yi ke nan, ƙwanƙwasa ƙofa daga waje.

In ma don kama da mafarki ne, na Nolan bai cika kama ba. Mafarkinsa na da tsari kamar ofishin banki, kowa da kwat da bindiga. An kashe kimanin dala miliyan 160, an gina dogon lungun otal mai juyawa a wata tsohuwar rumfar jirage a Cardington ta Ingila, fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 800 ya kuma ci kyautar Oscar huɗu, amma ba wanda haƙoransa suka zube, ba wanda ya tsinci kansa a ɗakin jarrabawa babu biro, ba wanda dannau ya danne. Mai son ganin mafarki da rashin kan gadonsa ya nemi Paprika, fim ɗin zane da Satoshi Kon na Japan ya fitar a 2006, inda firji da kwaɗi masu kaɗa ganga da 'yan tsana ke jerin gwano a tsakiyar gari.  Wannan dai ratse ne.

Ɓangaren fim ɗin da ba tatsuniya ba shi ne dashen kansa, kuma ba ya buƙatar allura. A 1995 Elizabeth Loftus da abokiyar aikinta Jacqueline Pickrell suka ba mutum 24 gajerun labarai huɗu-huɗu na yarintarsu, suka ce daga danginsu aka samo. Uku gaskiya ne. Na huɗun ƙirƙira ce, cewa sun taɓa ɓata a wata babbar kasuwa suna 'yan shekara biyar har wata tsohuwa ta tsince su. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka ce sun tuna, wasu har da ƙarin bayanin da ba wanda ya ba su. 'Yan kasuwa ma sun fara leƙen ƙofar. A farkon 2021 kamfanin giya na Molson Coors ya fitar da wani bidiyo da sauti da aka tsara don mutum ya kalla kafin ya kwanta ya yi mafarkin hajarsu, abin da ya sa masana barci kimanin 40 suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna gargaɗi.

A karantarwar da muka tashi da ita mafarki iri uku ne: na gaskiya wanda bushara ce daga Allah, da wanda Shaiɗan ke kawowa don ya baƙanta rai, da zancen zuci, wato abin da mutum ya yini yana saƙawa. Inception ya zo da na huɗu, mafarkin da ɗan kasuwa ya ba da kwangilarsa. Na daɗe ina ganin wannan na huɗun baƙo ne a wurinmu, sai na tuna da gwaggona.

Ina yaro ta yi mafarkin maciji ya shigo ɗakinta ya naɗe a ƙarƙashin gado. Ta kwana uku ba ta da sukuni, wata maƙwabciya ta raka ta wurin wani mai duba a bayan gari, ni kuma aka tafi da ni riƙon jaka. Ina tuna buzun da yake zaune a kai da farantin yashi a gabansa. Ya saurare ta har ta gama, ya shafa yashin ya yi 'yan zane-zane, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Baiwar Allah, macijin nan ba daga daji ya zo ba. Ya san hanyar ɗakin." Ta ce, "Malam, wane ne?" Ya ce shi ba ya kama suna, haram ne. Ya tambaye ta kawai, wa ke shiga ɗakinta ba sallama? Wa ya san inda take ajiye kayanta? Ya ce ta je ta yi tunani, zuciyarta za ta gaya mata.

Kafin mu iso gida zuciyarta ta gaya mata. Ƙanwar mijinta ce, wadda ta yi mata wankan jego sau biyu. Shekara goma sha ɗaya ba su gaisa ba. Duk wanda ya je sulhu ya ce mai duban nan ne ya zuga ta, sai gwaggo ta ce, "Ɗan nan, bawan Allahn nan bai kira sunan kowa ba. Ni na gano da kaina." Da gaskiyarta, bai kira ba. Da ya kira, wataƙila da ta yi masa musu, ta ce a'a, wance ba za ta yi mini haka ba. Ya gina mata ɗakin ne da akwatin, ya bar ta ta sa abin da ke ciki. Mutumin nan bai taɓa jin sunan Nolan ba, amma ƙa'idar da Cobb ya zana wa mutanensa a allo ita ce ya yi aiki da ita a kan farantin yashi, a kan kuɗin da bai kai na buhun gero ba.

Akwai wani wuri a fim ɗin da masu cewa "in ya ji daɗi ai shi ke nan" ke son kafa hujja da shi. Cobb ya je Mombasa ta Kenya (a birnin Tanja na Maroko aka ɗauki wurin) neman mai haɗa magani, wani mai suna Yusuf, sunan da ba na jin a banza aka zaɓe shi a labarin mafarki. Yusuf ya sauka da su wani ɗaki a ƙarƙashin shagonsa. Ga mutane kwance a jere a kan gadaje cikin duhu-duhu, igiyoyin roba sun fito daga hannuwansu sun haɗu a tsakiya. Kullum suke zuwa su yi awoyi. Aka tambaya ko barci suke zuwa yi, sai wani tsoho mai gadinsu ya ce farkawa suke zuwa yi, domin mafarkin ya zame musu zahiri, kuma wa ke da ikon ce musu ba haka ba ne?

Tambayar tsohon na da ƙarfi, kuma ban da amsar da zan ba mutanen nan. Wataƙila abin da ke jiransu a waje ya fi ɗakin duhu. Amma da ƙafarsu suka sauko matakalar, su suka miƙa hannu aka soka allurar, sun san ƙofar da suka shigo ta nan. Ko Cobb da ya juya wa katantanwarsa baya, ya san akwai katantanwa, shi ya zaɓi kada ya duba. Wasu a ƙungiyar suna da irin nasu abin gwaji da ba sa bari wani ya taɓa. Arthur, abokin aikin Cobb, na da ɗan lido mai nauyi a gefe ɗaya, Ariadne ta ƙera wa kanta ɗan dara na ƙarfe. Sun san haɗarin sana'arsu, sun yi wa kansu tanadi.

Jirgi ya sauka a Los Angeles. Saito ya riga ya buga wayarsa, jami'in shige da fice ya buga wa Cobb hatimi ya yi masa barka da dawowa. A wurin ɗaukar kaya 'yan ƙungiyar na tsaye nesa da juna kamar ba su san juna ba, kowa na murmushi ƙasa-ƙasa. Cobb ya tura keken kayansa ya wuce ta gefen Robert Fischer. Robert ya ɗago ya dube shi na ɗan lokaci, irin kallon da kake wa fuskar da kake jin ka taɓa gani a wani wuri, sannan ya mai da kansa ga wayarsa. Kyamara ta bi Cobb zuwa gida, zuwa tebur, zuwa katantanwa. Robert kuwa aka bar shi a nan yana jiran akwatunansa da gawar ubansa, kuma shi ba wanda ya ba shi abin da zai murza.